Gurbin Jikin Bango

Sunana Issaka, amma a Zango, unguwarmu ta Hausawa, in ka ce Issaka sai an tambaye ka wanne. Ka ce Masta Rediyo, za a nuna maka shagona a jikin masallacin layinmu. Da gyaran rediyo na tashi, yanzu da zamani ya juya har fanka da dutsen guga nake taɓawa. Ina da wani hali da mai ɗakina Adiza ta gaji da shi: ba na iya ganin abu a rufe ban so in san cikinsa ba. Ta ce ranar da aka kawo ta gidana, kafin in kalli fuskarta sai da na juya agogon bangon da ke cikin kayanta na duba bayansa. Ba ƙarya ta yi ba. Na rubuta wannan ne don wanda zai zo bayana, saboda ni da na buɗe cikin komai, nawa cikin ne na bari a rufe har ya kusa kai ni ƙasa.

Abin ya fara da jini kaɗan in na zaga. Daga nan bayan gida ya rikice, yau gudawa, gobe sai ya ƙi fita, kullum kuma ina jin kamar ban gama ba. Wandona ya fara sauka da kansa. Na faɗa wa yayana Salifu, ko ƙarasa bayani bai bari na yi ba ya ce basir ne. A Zango duk ciwon da ke ƙasan cibiya basir ne. In ka rame basir, in kana kasala basir, in ka yi faɗa da matarka ma akwai mai ce maka basir ne ya motsa. Yaya Salifu ya kawo min jiƙo daga unguwar Aboabo mai ɗacin da har kunne ake jin sa. Wani mai tallan magani a tashar lori, wanda ni na gyara masa lasifikar da yake ihu da ita, ya biya ni da kwalba biyu. Na sha duka, ina ta tambayarsu saiwar me da me aka haɗa, ba wanda ya gaya min. Haka damina ta wuce ina sha ina ramewa.

Adiza ce ta karya wannan zaman. Wata safiya ta ga abin da na bari a bayi, ta fito ta ɗauki mayafi da katin inshorata ta tsaya a ƙofa. Muka hau trotro, motar haya, zuwa asibitin unguwa, su kuma suka tura mu babban asibiti. A can na san me ake kira layi. Ka yi layin kati, ka yi layin awon jini, ka yi layin karɓar sakamako, sai a ce na'urar ta tsaya ka dawo wani sati. Katin inshora ya ɗauke wani abu, ya bar mana wani, abin da ya bari kuma ba ƙarami ba ne. Ban zo lissafi ba, amma Adiza ta sayar da atamfofin da take ajiye wa auren 'yarmu Rahina, sai daga baya na sani.

Ranar da za a zura min kyamara ta ƙasa, sun so su sa ni barci sosai. Na roƙe su su rage, su juyo min da talabijin ɗin in gani. Nas ta yi dariya ta ce ba ta taɓa ganin mara lafiya irina ba. Wallahi abin kallo ne. Hanji ja ne mai sheƙi, yana lanƙwasa, yana motsi da kansa ba da izininka ba. Ina cikin mamakin ikon Allah sai kyamarar ta tsaya a kan wani tsiro, irin wanda ke fitowa a jikin doyar da ta daɗe a ɗaka. Ɗakin ya yi tsit. Na san irin wannan shirun, don ni ma haka nake yi in na buɗe rediyon mutum na ga ta ƙone yana tsaye a kaina.

Da sakamako ya fito, likitar da ta kira mu yarinya ce Ba'asantiya, 'yar ƙabilar masu garin, Hausarta ta kasuwa, amma ta dage sai da ita za ta gaya min.

"Baba, kafra, ka yi haƙuri. Kansa ne. Ciwon daji, a ƙasan hanji. Amma bai yi tafiya nesa ba, muna iya cire shi."

Adiza ta fara salati. Ni kuwa tambayoyi ne suka zo min, ina ga da su na tare tsoro. Likita ta zana min hanjin a takarda. Ta ce tsiron ya yi kusa da mafita ƙwarai, in an yanke shi dole a rufe hanyar da Allah ya yi, a buɗe wata a gefen ciki na hagu, a manna jaka tana tarar abin da ya fito. Sunan wannan ƙofar sitoma, kalmar da har yau ba ta bar kaina ba. Na tambaye ta da me ake mannawa, ina iska take bi, ko mutum yana iya riƙewa. Ta ce ba ya iya riƙewa, yana fita ne lokacin da ya ga dama. Na ce har ina cikin sallah? Ta ce ko ina cikin sallah. Daga nan ban ƙara tambayar komai ba, Adiza ma sai da ta juyo ta kalle ni.

Sai na yi bayanin abin da ya rufe min baki. Tun ina saurayi a sahun farko nake sallah a masallacinmu, a gurbin da mahaifina ya bari, na biyu daga bangon hagu. Na jikin bangon kuwa na Baba Mumuni ne, wani tsohon ɗan goro abokin mahaifina, wanda duk layi ke kira Mai Bango. Kafin a kira sallah ya riga ya zauna a wurin. In baƙo ya riga shi, sai ya tsaya a kansa yana gyaran murya har mutum ya tashi don kansa. An yi ta hasashe a kai. Wasu sun ce iskar taga yake bi, wasu sun ce takalminsa yake gadi. Ni da kaina na sha tambayarsa, amsarsa ɗaya ce, wai bangon ne ya saba da shi. A wannan sahun nake kafaɗa da kafaɗa da mutanen da na tashi da su, sau biyar a yini. Shi ne na ga kaina tsaye a ciki da najasa rataye a jikina, na kusa da ni yana matsawa a hankali don kada in ji kunya, har in koma sallah ni kaɗai a bayan shago. Mutuwa ta ba ni tsoro, ba zan ɓoye ba, amma wannan ya fi ba ni tsoro.

An fara min da hasken na'ura da ƙwayoyi don tsiron ya ƙanƙance kafin aiki. Makonnin nan sun wahalar da ni. Bakina ya daina jin ɗanɗanon komai, koko kaɗai ke zama a cikina, zaman benci kuma ya zama azaba. 'Yan dubiya suka cika gida yadda muka saba, kowa da kwalbarsa ko ƙullinsa, kowa kuma ya san wani da aka yanka a asibiti bai tashi ba. Ina gode musu, don da ƙauna suka zo, amma da za su rage labarin matattu a gaban mara lafiya da sun kyauta. Ba wanda na gaya wa maganar jaka, ko liman ban tambaya ba. A Zango in ka yi magana a ƙofar masallaci da azahar, kafin la'asar ta isa unguwar Asawase. Duk wanda ya tambaya sai in ce basir ne ya yi tsanani.

Wata nas ce ta lura duk lokacin da aka ambaci ranar aiki sai in kawo wata hira. Ta ce min akwai masu irin ciwona da suke haɗuwa wasu Asabar a wata rumfa bayan asibiti, in je in gani. Na ce wa kaina kallo kawai zan je, kuma gaskiya son in ga yadda jakar take ne ya kai ni. Na tarar da mutane maza da mata, yawancinsu Asantawa, suna buɗe taro da waƙar coci. Na zauna a gefe da hulata ina kallon cikin kowa, ina neman inda abin yake. Ban gano ko ɗaya ba. Da aka kawo burodi da shayi suka ci suna ba'a, na ƙara matsowa ina shaƙar iska a ɓoye, ban ji komai ba sai man shafawa.

Mai jan ragamarsu wata mai sayar da yadi ce a kasuwar Kejetiya, ana ce mata Anti Yaa, mace mai jiki da murya. Ta gane ni sabo ne, ta miƙo min sabuwar jaka ta ce in duba. Na juya ta gaba da baya, na ɓare takardar gam ɗin, na gano wani ɗan tace a sama da ke fitar da iska ya riƙe wari. Na ce wanda ya ƙera wannan ya san aiki. Suka fashe da dariya, daga nan kowa ya sa baki. Wani direba ya ce in kiyayi wake da kabeji in zan shiga mutane. Wata ta ce zufa ce abokiyar gabar gam, a shanya fata ta bushe kafin a manna. Suka yi ƙorafin yadda jakar kan ɓace a gari, sai wanda yake da ragi ya taimaki wanda tasa ta ƙare. Na yi tambaya har Anti Yaa ta ce ko ɗan jarida aka turo musu.

A ƙarshe na yi tambayar da ta kawo ni, ta alwala da sahu. Anti Yaa ta haɗa Hausa da yarensu na Tuwi da ɗan Turanci, ta kira ni Kramo, yadda suke kiran Musulmi, ta ce:

"Kramo, wannan ya fi ƙarfina paa. Mu a coci benci muke zama. Amma akwai mutumin ku ɗaya, ɗan Zango, ya daɗe da jaka pass mu duka. Ba ya zama taro, yana zo ya karɓa ya tafi."

Na tambayi sunansa, ta ce sirrin mutum ba yadinta ba ne da za ta yanka min. In ya zo za ta gaya masa akwai mai nemansa, in ya so ya neme ni.

Daga ranar na zama ɗan sandan ciki. Duk ɗan Zango mai babbar riga sai na bi shi da ido. Na zargi wani mahauci saboda yawan turarensa, na zargi wani tela don yana dafe ciki in zai tashi, ashe tumbi ne kawai. Ko a sahu idona na kan mutane, Allah ya yafe min sallolin nan. Mutumin bai bayyana ba, ranar aiki kuma ta zo. Na tashi da safe na yi wanka, Adiza ta haɗa kaya, ni kuma na wuce na buɗe shago na zauna. Asibiti suka kira waya na ƙi ɗauka. Adiza ta zo ta tsaya a bakin shago da jakar kayan a hannu.

"Baban Rahina, jaka dai ina iya canza maka ita kullum. Miji ne ban da inda zan canzo."

Ta juya gida, ta daina yi min magana sai ajiye koko da ɗauke kwano. Jinin da ya ɗan tsaya ya dawo. Na san abin da nake yi wauta ce, na kuma kasa fasawa, wannan shi ne mafi munin lokaci a duk jinyar.

Ana cikin haka wata hantsi Baba Mumuni ya shigo shago da tsohuwar rediyonsa a hammata, ya ce in duba masa. Na kunna, tana magana rau. Na buɗe bayanta duk da haka, na bi wayoyi, na gwada batir, na ce Baba lafiyarta ƙalau. Ya ce ya sani. Ya sa ni na tura ƙofar shago. Sai ya ɗaga babbar rigarsa, ya ɗaga 'yar ciki, ga jaka manne a gefen hagunsa, cikin wani ɗan aljihun yadi da aka ɗinka mata.

Na daɗe ina kallo. Abin da ya fara fita bakina shi ne, "Baba, shi ya sa bango?"

"Shi ya sa bango," ya ce. "Sahu yana matsewa, mutane suna da gwiwar hannu. Bango ba ya da ita." Ya sauke riga ya zauna a kan bencina. "Issaka, tun ubanka na da rai nake da abin nan. Tun da ya rasu kai ne a damana, kafaɗarka a kafaɗana. Kai da ba abin da ke wuce idonka da hancinka, gaya min gaskiya. Ka taɓa jin wani abu?"

Na bi shekarun nan a raina da gaske, yadda nake bin waya in ina neman inda ta tsinke. Azumi da tarawihi, Juma'ar da ake matsuwa, ranakun da wuta ta ɗauke fanka ta tsaya. Ban tuna komai ba sai ƙamshin goro da tarinsa. Na ce ban taɓa ji ba. Sai kuka ya zo min, irin wanda ban yi ba a gaban likita, ban yi ba a gaban Adiza. Bai rarrashe ni ba, ya ɓare goro yana ci har na gama.

Ya ba ni labarin yadda shi ma ya gudu daga aikin a lokacinsa, har sai da hanjin ya toshe aka kai shi ranga-ranga. Da ya tashi ya yi tafiya takanas zuwa wurin wani malami a wajen gari, inda ba a san shi ba, ya tambayi hukunci. Malamin ya ce masa shi mai uzuri ne, kamar mai yoyon fitsari: ya zubar, ya tsaftace, ya yi alwala in lokaci ya shiga, ya yi sallarsa, abin da ya fito bayan nan ba a kama shi da shi. Ya ce in ban natsu ba ni ma in tambayi malamin da na yarda da shi, na kuwa tambaya daga baya, amsar ba ta canza ba. Na ce me ya sa bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya ce kunya, kuma da Anti Yaa ta ce masa wani Masta Rediyo ya gudu daga aiki saboda sahu, ya ga kunyarsa tana neman kashe ɗan abokinsa.

Shi ya raka mu asibiti muka nemi wata ranar. Likita ta yi min faɗa son ranta, ta kuma yi gaskiya, don jinkirin ya sa sai da aka sake awo daga farko. Allah ya taimaka abin bai bazu ba. Aka yi aiki, na farka da ƙofa a gefen cikina, ja, mai laushi, ba ta jin taɓi. Na nemi madubi na ƙare mata kallo. Satin farko a gida jaka ta ɓalle min a kan tabarma, na zauna ina zagin kaina. Adiza ta wanke ba ta ko yamutsa fuska ba, Baba Mumuni kuma ya zo ya nuna min yadda ake yanka bakin jakar daidai da ƙofar, da yadda ake ɗumama gam da tafin hannu. Matarsa ta ɗinka min aljihun yadi irin nasa. Masu dubiya sun ɗauka hirar mahaifina ce ke kawo shi kullum.

Har yanzu ina zuwa awo, ina kuma zuwa rumfar Asabar. In sun gama waƙarsu sai su ce Kramo ya yi tasa addu'ar, in yi. Na gaya wa Anti Yaa duk ɗan Zangon da ya zo da tambaya irin tawa, ta ba shi sunana da kwatancen shagona, ba sai ta nemi izini ba. Kai kuma mai karatu, in ka ga jini a bayan gida, ko cikinka ya canza hali ya ƙi komawa, kada ka sa masa suna da kanka. Wataƙila basir ne, amma bari mai kyamara ya faɗa. Yaya Salifu har gobe yana cewa jiƙonsa ne ya tausasa ciwon, na bar shi a haka.

Ranar da na fara komawa masallaci sallar la'asar ce. Na yi alwala a gida, na duba gam sau ba adadi, sannan na fita. Na tarar da Baba Mumuni a wurinsa. Da ladan ya ta da iƙama muka miƙe, sai ya kama hannun rigata ya ja ni jikin bango, shi ya dawo damana. Sahu duka ya juyo, wani daga baya ya ce yau kuma Mai Bango ya yi murabus ne. Bai kula shi ba. Na sunkuya na ce masa a kunne, Baba, naka gefen fa?

Ya matso har gefen hagunsa ya jingina da ni.

"Kai ka san abin da ke wurin," ya ce. "Riƙe gwiwar hannunka."

Liman ya yi kabbara, na ɗaga hannuna a hankali, na dama ya fi na hagu hankali.